Gwamnati da Wanda Yake Ciyar da Ita

Makon jiya na raka Baffana, ƙanen mahaifinmu da yake da shago a Kantin Kwari, zuwa wani sito da ke Bompai domin ya duba kayan da aka sauke masa. Tun daga bakin ƙofa na shaida wurin, domin a cikin ginin nan mahaifinmu ya yi aiki shekara goma sha bakwai lokacin da yake masaƙa, kuma sau da yawa ni ake aikowa da kwanon abincinsa. A wancan zamani, idan jiniya ta yi ƙara da ƙarfe biyu, titin yakan cika da kekuna har mota ta rasa inda za ta bi, masu tashi suna fitowa da burbushin auduga a kansu, masu karɓar aiki suna shiga, masu tuwo da masu shayi kuma suna jere a jikin katanga suna samun nasu rabon. Yanzu babu inji ko ɗaya, an daɗe da sayar wa 'yan gwangwan, sai dai gurabun ƙusoshin da aka kafe su da su a daɓen siminti. A kan waɗannan gurabun aka jibge dilolin atamfa da shadda da aka saƙa a ƙasar Sin, kuma mutanen da na ƙirga suna aiki a wurin ba su wuce bakwai ba, har da maigadi.

Da muka fito na ce masa, "Baffa, ba ka jin wani abu idan ka shigo nan, alhali a nan Yayanka ya ci abinci?" Bai tanka ba sai da muka shiga mota, sannan ya ce, "Ɗana, ni ɗan kasuwa ne. Ran da saƙa ta fi sayowa riba, ba sai an yi mini wa'azi ba, da ƙafata zan je in nemo inji."

Amsar nan ta tsaya mini a rai, domin ta ajiye maganar a inda ya kamata. Mukan ɗora mutuwar masana'antunmu a kan lalaci ko rashin kishin ƙasa, amma Baffa ba malalaci ba ne, kuma jama'ar garin da Bature ɗan Jamus Heinrich Barth ya tarar a 1851 suna saƙa da rini suna kai tufafi har Tambutu da Tarabulus ba su wayi gari haka kawai sun manta yadda ake sana'a ba. Abin da ya faru shi ne an tsara al'amura ta yadda sayowa ta fi ƙerawa riba. Wa ya tsara hakan, me ya samu, wa ya biya kuɗin? Wannan shi ne abin da masana suke kira siyasar tattalin arziki, kuma a ganina duk wanda yake son ya fahimci dalilin da ya sa wasu ƙasashe masu tasowa suka taso wasu kuma suka tsaya, daga nan ya kamata ya fara.

Da farko dai haɓakar tattalin arziki daban, ci gaban jama'a daban. A watan Afrilu na 2014 an sabunta hanyar lissafin abin da Najeriya take samarwa a shekara, aka mayar da shekarar ma'auni daga 1990 zuwa 2010, sai adadin ya tashi zuwa kimanin dala biliyan 510, muka kwana muka tashi a matsayin ƙasar da ta fi kowace girman tattalin arziki a Afirka. Lissafin ba ƙarya ba ne, domin an shigar da harkokin sadarwa da fina-finai da wasu sana'o'in da a da ba a ƙirga su yadda ya kamata, amma babu magidancin da ya ƙara ko mudu ɗaya a cefanensa saboda sanarwar. Bayan shekara takwas, a 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Rijiyar mai tana iya ƙara adadin da ke kan takarda da ma'aikata ƙalilan, ita kuwa masaƙa irin ta su mahaifinmu tana ciyar da manomin auduga da direban da ya ɗauko ta da mai tuwon bakin ƙofa.

Kano ta ga zamani biyu, kuma bambancinsu ne ya koya mini abin da nake son faɗa. Jirgin ƙasa ya iso garin nan a 1911, Turawa suna sa ran manoman Arewa za su cika shi da auduga domin masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi kawo kuɗi, tana gyara ƙasa, kuma idan kasuwa ta faɗi ana iya ci, abin da ba a yi da auduga. Fataken goro da suka saba da ba da bashi da aika yara ƙauye suka juya suka zama masu sayen gyaɗa, fitacce a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Daga nan aka samu dalar gyaɗa da muke sakawa a hotuna muna alfahari.

Sai dai bai kamata a yi wa zamanin nan kwalliyar da ba tasa ba. Tun daga 1949 aka kafa hukumar da ita kaɗai take da ikon fitar da gyaɗa waje, a 1954 kuma aka mayar da harkar hannun hukumar Jihar Arewa. Ita take yanke farashin da za a biya manomi, kuma a mafi yawan shekaru farashin yana ƙasa ƙwarai da na kasuwar duniya, rarar kuma ta shiga asusun hukuma. Kakanmu na wajen uwa, wanda ya yi noma a ƙasar Gezawa, har ya rasu yana ba da labarin yadda malamin sikeli yake danne nauyin buhu, ga dagaci yana jiran kuɗin haraji wanda dole da tsabar kuɗi za a biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Irin wannan zalunci ne ya ba Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, abin faɗa a gaban talakawa.

Duk da haka akwai abu ɗaya da ba za a iya musantawa ba, wato gwamnatin wancan lokaci ba ta iya rayuwa sai da manomi. Idan gyaɗa ba ta yi kyau ba, baitulmali ne yake ramewa, saboda haka dole aka kula da iri da binciken aikin gona a Samaru, aka gyara hanyoyin da za a fito da amfani, aka tura malaman gona ƙauyuka. Da wani ɓangare na rarar nan aka kafa masaƙar Kaduna a 1957 tare da wani kamfanin Ingila. Ana tatsar manomi, amma mai tatsa ya san idan saniya ta mutu shi ma ya shiga uku. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Man fetur ne ya raba wannan aure. An gano shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, amma sai a 1973 zuwa 1974, lokacin da farashin ganga ya tashi daga wajen dala uku zuwa kusan goma sha biyu, ya zama shi ne uwa shi ne uba. A daidai wannan lokaci fari ya afka wa Arewa, a 1975 kuma cuta ta cinye gonakin gyaɗa. Da a ce shekara goma kafin nan abin ya faru, da gwamnati ba ta yi barci ba sai ta farfaɗo da gyaɗa, amma a wannan karon kuɗi yana shigowa ta teku fiye da yadda aka san a kashe shi. A 1975 ɗin ne ma ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas wata da watanni ana biyan su kuɗin jira. Ƙarin albashin ma'aikata na kwamitin Udoji na 1974 ya ja matasa daga gona zuwa birni. Dattawanmu sukan tuna cewa a 1980 naira ɗaya tana sayen kusan dala biyu, suna faɗar haka da kewa, ni kuwa ina ganin wannan ƙarfin nairar yana cikin abubuwan da suka karya manomi, domin ya sa shinkafar waje da man girkin waje sun fi na gida araha, duk abin da muka noma kuma ya yi tsada ga mai saye a waje. Masana suna kiran wannan cutar Holan, saboda irin abin da ya sami masana'antun ƙasar bayan ta gano iskar gas a 1959.

Illar da ta fi wannan zurfi ta siyasa ce. Da Gwamna Abubakar Rimi ya hau mulki a 1979 ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, kuma ina cikin masu ganin ya yi daidai, domin yadda ake karɓarsu ya ƙunshi wulaƙanci da duka da ɗauri. Amma abin lura shi ne sokewar ta yiwu ne saboda akwai kason mai da yake zuwa daga tarayya. Daga lokacin da gwamnati ta daina buƙatar aljihun talaka, sai ta rage buƙatar sanin halin da gonarsa take ciki. Har gobe haka tsarin yake: a kowane wata kwamishinonin kuɗi suna haɗuwa a Abuja a raba abin da ya taru, tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, bayan an cire kashi 13 na kuɗin mai ga jihohin da ake haƙowa. Shugaban ƙaramar hukuma, a cikin guda 44 da muke da su a Jihar Kano, kasonsa ba ya ƙaruwa don an buɗe masana'anta a yankinsa, ba ya kuma raguwa don an rufe. To, me zai hana shi barci?

Inda dukiya take fitowa daga rabo, wayon mutane yakan koma ga neman kusanci da mai rabo. A zamanin Shagari takardar lasisin shigo da kaya ita ce haja mafi tsada, wanda ya samu yana iya sayar da ita ba tare da ya taɓa ganin tashar jirgin ruwa ba. A namu zamanin kuma dala ce. Kafin watan Yuni na 2023 farashin hukuma yana wajen naira 460, a kasuwar canji ta Wapa kuwa ana sayar da ita sama da 700, saboda haka duk wanda ya samu a farashin hukuma ya ci ribar da babu masaƙar da za ta ba shi, ba tare da ya biya ma'aikaci ko ya sayi man dizal ba. Yaro mai basira da ya taso ya ga haka, ba sai an gaya masa ƙofar da zai bi ba.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda gwamnatin Babangida ta ɗauka bisa tsarin Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ya zo da nufin gyara wasu daga cikin waɗannan. Ya rushe hukumomin sayen amfanin gona, ya soke lasisin shigo da kaya, ya karya darajar naira. Amma masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa an gina su ne a kan injina da kayan gyara da sinadaran rini na waje, sai kuɗinsu ya ninka a lokacin da aljihun masu saye ya bushe. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, kowace masana'anta ta koma samar wa kanta wuta da ruwa. Dokar shigo da yadi kuwa, yau a hana, gobe a buɗe, jibi a sake hanawa, kuma ko a lokacin hanin kaya suna sauka a Kwatano su bi ta Maraɗi su shigo. Da ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, abin da ya rage bai daɗe ba. Masaƙar Kaduna da aka gina da gumin manoma ta rufe a 2002.

A majalisarmu ta bayan la'asar, duk lokacin da aka zo nan sai wani ya ce ai cin hanci ne, a rufe magana. Ban musanta ɓarnar cin hanci ba, amma bai isa ya bayyana komai ba, kuma Indunusiya ce hujjata. Ita ma ƙasa ce mai yawan jama'a, mafi yawansu Musulmi, mai arzikin mai, wadda soja ya mulka, kuma gwamnatin Suharto ta yi ƙaurin suna wajen wawure dukiya. Amma da kuɗin mai ya zo a shekarun 1970, an zuba kaso mai tsoka a taki da madatsun ruwa da hanyoyin karkara, aka gina makarantun firamare sama da dubu sittin tsakanin 1973 da 1978, aka kuma karya darajar kuɗin ƙasar a 1978 tun mai yana da tsada, domin kada manomi da mai masana'anta su kasa sayar da kayansu a waje. Zuwa 1984 ƙasar da a da take sahun gaba wajen sayen shinkafa a duniya ta ciyar da kanta. Ba tausayi ne ya sa Suharto ya yi haka ba. Ya hau mulki ne bayan zubar da jinin 1965, ya san ƙauyukan Jawa su ne inda 'yan gurguzu suka yi ƙarfi, ya kuma san cewa yunwar ƙauye tana iya cin kujerarsa. Tsoro ne ya sa shi aski.

Koriya ta Kudu ma haka. Janar Park Chung-hee, wanda ya yi mulki daga 1961 zuwa 1979, ya ba wasu 'yan kasuwa na kusa da gwamnati bashi mai rahusa da kariya daga kayan waje, kamar dai yadda ake yi a nan. Bambancin shi ne sharaɗi: wanda aka ba dole ya sayar da kayansa a kasuwar duniya, inda babu ministan da zai sa baki, kuma shugaban da kansa yake zama taron wata-wata ana duba alƙaluman abin da aka fitar. Wanda ya gaza sai a janye masa. Ƙasar ba ta da mai, ga Koriya ta Arewa a maƙwabta, ga tallafin Amurka yana raguwa, saboda haka ba ta da wata hanyar samun dala sai ta gumin masana'anta. Ma'aikata sun sha wuya, an danne ƙungiyoyinsu, kuma ba na fatan irin wannan mulki a ƙasarmu. Abin da na ɗauka kawai shi ne tallafi ba shi ne matsala ba, matsalar ita ce tallafin da ba a tambayar abin da aka yi da shi.

Mu kam ba mu rasa shirye-shirye ba, daga na ciyar da ƙasa na 1976 zuwa juyin noma na 1980, har zuwa bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Da yawa daga cikin waɗanda suka karɓi bashin nan sun ɗauke shi a matsayin kasonsu na arzikin ƙasa, kuma da wuya ka ga laifinsu su kaɗai, tunda sun ga manya suna yin haka ba a tambaye su ba.

Shinkafa ce ta nuna mini wuyar lamarin a kusa. Madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako ita ce take shayar da Kadawa da Kura, kuma da aka tsaurara shigo da shinkafa, musamman bayan rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, injinan casa sun yawaita a Kano, matasa sun samu aiki, manoman rani sun ga kuɗin da ba su saba gani ba. Amma ma'aikacin da ke Ƙurna ko Ɗorayi shi ya biya, domin buhu ya fi ƙarfin albashinsa. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira, tsadar ta kai inda jama'a suka fito zanga-zanga a watan Agustan 2024, kuma Kano tana cikin inda abin ya fi zafi. A wannan shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. Da farashi ya sauko mutanen birni suka yi hamdala, manomin da ya sayi taki da tsada kuma ya koma yana lissafin asara. Kowannensu yana da gaskiya. Sai dai mutanen birni suna kusa da gidan gwamnati kuma suna iya cika titi cikin awa ɗaya, masu shigo da kaya ba su da yawa kuma sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, manoma kuwa miliyoyi ne a warwatse, ba a jin muryarsu sai lokacin zaɓe. Hanyar da za ta gamsar da ɓangarorin biyu ita ce a rage kuɗin noman kansa, ta gyaran magudanan ruwa da ingantaccen iri da hanya da wuta, amma wannan aiki ne na shekaru, wanda ba a yanke masa kyalle a gaban 'yan jarida, kuma wa'adin mai mulki shekara huɗu ne.

A hanyarmu ta komawa Kwari, Baffa ya miƙo mini wayarsa in ga hotunan da babban ɗansa ya turo daga Guangzhou, inda yake zaune yana yi masa sayayya. Yaron injiniya ne, a nan Kano ya yi karatu. Zanen atamfar a nan ake yin sa, wani matashi a Fagge yake tsara shi a kwamfuta, a tura ta WhatsApp, a buga a can, bayan 'yan watanni ya dawo a kwantena, matan Kano su raɗa masa suna. Na ce masa ai ga bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, idan gas ya wadata wataƙila lissafin ya canza, ya dawo da yaron gida su kafa ko da ƙaramin injin buga zane ne. Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu, ya tambaye ni nawa za a sayar da gas ɗin, wa zai yanke farashin, kuma idan ya ci bashin banki ya sayo inji, wa zai tsaya masa cewa gwamnatin da za ta zo bayan wannan ba za ta sauya dokar shigo da yadi ba kafin ya gama biya. Muna cikin haka muka iso bakin kasuwa, yaransa suka taso da kura domin su kwashe dilolin farko.